Jinin da ya riga mu zuwa asibiti

A lanƙwasar hannuna na hagu akwai wasu 'yan tabo farare da suka taru wuri guda, kamar an ɗiɗɗiga da tsinin alƙalami. Sai mutum ya ƙura ido zai gan su. Autata ce ta fara lura da su, wata rana tana zaune a cinyata tana wasa da hannun rigata. Ta sa yatsa tana ƙirgawa, ta kai bakwai ta tsaya, domin sauran sun haɗe da juna. Katin da ke cikin walat ɗina ya fi ta sanin lissafin: sau 26 ke nan ana ɗibar jinina a cikin shekara tara, kuma ko leda ɗaya ban taɓa ganin fuskar wanda aka sa wa ba.

Na farkon ba da shiri na yi shi ba. Wajen ƙarfe biyu na dare mijin ƙanwata ya kira ni, muryarsa na rawa, ya ce ta sauka, yaron lafiya, amma jini ya ɓalle mata, an ce a nemo masu bayarwa. Na isa ɗakin gwaji ina naɗe hannun riga tun daga bakin ƙofa, ina cewa a ɗebi duk yawan da ake so.

Ma'aikacin da ke wurin dattijo ne mai gilashi, mara yawan magana. Ya soki yatsana, ya ɗiga jinin wuri uku a kan wani farin faranti, ya ƙara wa ɗigon farko wani ruwa shuɗi, na biyu rawaya, na uku mara launi, ya gauraya kowanne da ɗan tsinke. Ina kallo ɗigon da aka sa wa rawaya ya fara tsinkewa, ya yi gudaji-gudaji kamar yashi a ƙasan kofi. Na ukun ma haka. Na shuɗin kuwa yana nan sumul.

"Malam, kai B ne, ita A ce. Naka ba zai shiga jikinta ba."

Na ce, "Baba, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya fa."

Ya ce, "Na ji. Kowa da abin da ya gada. Ko da ma ya yi daidai, sai an gwada shi tukuna, gwajin nan kuwa awanni yake ci. Ita ba za ta iya jira ba."

Ya juya ya buɗe wani firiji mai ƙofar gilashi, ya zaro leda biyu, ya ce ga nata nan, ni kuma in dawo da safe in cike musu gurbi.

Da asuba aka bar ni na leƙa ta. Leɓɓanta sun yi fari fat, tafin hannunta kamar takarda, leda ta biyu tana rataye a jikin ƙarfe tana ɗiga a hankali. Ba ni da abin yi sai addu'a da kallo, sai idona ya sauka a kan takardar da ke manne a jikin ledar. Babban harafin A, wata doguwar lamba, ranar da aka ɗiba, ranar da wa'adinsa zai ƙare. Babu suna. Ni malamin lissafi ne, in na ga kwanan wata sai na ƙirga. Tsakanin ranar da aka cika ledar da wannan asubar, kwana 19 ne.

Kwana 19 kafin nan ƙanwata tana gidana, lafiyarta ƙalau, ita da matata suna ninke kayan jariri suna ta hira. A wannan ranar ce wani bawan Allah ya ajiye abin da yake yi ya je ya kwanta aka ɗebi jininsa. A lokacin babu ma mara lafiyar tukuna, balle ya san ta. Ni da na taho da gudu da dukkan zafin ɗan'uwantaka, babu abin da na tsinana mata a daren nan. Wanda ya amfane ta ya riga ni zuwa da kusan mako uku. Yaron da aka haifa a daren yanzu shekararsa tara, mahaifiyarsa ce ke duba masa aikin gida.

Daga baya na karanta cewa abin da dattijon nan ya yi a kan farantinsa ya samo asali ne daga wani likita mai suna Karl Landsteiner, a birnin Viyana. A 1901 ya bayyana abin da ya gani da ya riƙa gauraya jininsa da na abokan aikinsa: wani haɗin ya dunƙule, wani ya zauna lafiya. Daga nan aka san rukunonin jini, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1930. Kafin wannan, ƙarin jini caca ne da rai. Dunƙulewar da na gani a kan faranti ita ce za ta faru a cikin jijiyoyin ƙanwata da an biye min.

Na cike gurbin da safe kamar yadda aka ce. Sannan na koma harkokina, kwanci-tashi har wata bakwai. Mutum kan yi alkawari da yawa a bakin gadon asibiti, da an sallami mara lafiya kuma sai alkawarin ya yi sanyi. Nawa ma ya yi sanyi, sai dai lambar nan 19 ta ƙi barina. Ina tsaye gaban allo ina rubutu sai ta faɗo min. Wata Laraba da aka tashi da wuri, sai kawai na juya na nufi wurin ɗibar jini.

Matar da ke rajista ba ta ɗago kai ba ta ce, "Sunan mara lafiyar?"

Na ce babu.

Sai ta ɗago. "Haka kawai ka zo?"

Na ce haka kawai. Ta ajiye biro, ta tashi da kanta ta kawo min kujera. Yadda ta yi murnar nan ya sa na gane cewa irina ba su da yawa a ƙofarta, kuma abin ya dame ni fiye da yadda ya faranta min.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, bari in faɗi yadda abin yake, domin abin da ba a gani ba shi ya fi ban tsoro. Za a ba ka takardar tambayoyi: ko ka yi rashin lafiya kwanan nan, wane magani kake sha, ko an taɓa ƙara maka jini, ko an yi maka tiyata, da wasu tambayoyi na sirri game da mu'amalarka. A auna nauyinka, domin yawancin wurare ba sa karɓar wanda bai kai kilo 50 ba. A duba bugun jini. Sai a soki yatsa a auna himogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launin ja, yake kuma ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki. A wurina sukar yatsan nan ta fi allurar hannu zafi, har yau.

Sai ka kishingiɗa. A ɗaure dantse, a laluba jijiya, a goge wurin da magani mai sanyi, a jira ya bushe. Allurar tana da kauri, ba zan ɓoye ba, kuma ni ba na kallon lokacin da take shiga. Bango nake kallo in ja numfashi. Zafin na daƙiƙa biyu ne. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne ɗumin. Siririn bututun yana bi ta kan tsintsiyar hannunka, sai ka ji shi da ɗumi a fatarka, ɗumin cikin jikinka ne yake wucewa ta waje. Kowane zuwa sai na saurari wannan ɗumin. Jinin farko yana shiga wata 'yar ƙaramar jaka ta gefe, daga ita ake cika kwalaben gwaji, sannan a buɗe wa babbar leda hanya. Ita kuma tana kwance a kan wani ɗan sikeli da ke jijjiga ta gaba da baya kamar ana lallashin jariri. A ba ka wani abu mai laushi ka riƙa matsawa a tafin hannu. Minti takwas zuwa goma, sikelin ya yi ƙara, mililita 450 ta cika.

Jijjigar nan tana da dalili. Tun kafin a soke ka akwai wani ruwa garai-garai a cikin ledar, mai ɗauke da sinadarin sitiret. Jini ba ya daskarewa sai da kalsiyam, shi kuma sitiret kama kalsiyam ɗin yake yi ya riƙe, don haka dole a riƙa gauraya su tun daga ɗigon farko. A 1914 ne likitoci biyu, Albert Hustin a Beljiyam da Luis Agote a Ajantina, kowa a nasa ɓangaren, suka ƙara wa mutum jinin da aka tsare da wannan sinadari. Kafin su, sai an kawo mai bayarwa an kwantar da shi kusa da mara lafiya a daidai lokacin da ake buƙata, don jinin ba ya jira. Na kan kalli ɗan ruwan nan kafin jinina ya rufe shi. Da babu shi, da babu kwana 19 ɗin nan, da ƙanwata sai ta jira an zagaya gari cikin dare ana neman mai A.

A zuwa na huɗu na ga abin da ake gargaɗi a kai. Ban karya ba, na yi sauri don ina da aji, ana cire allura na miƙe na ce lafiyata lau. Ina hawa benen makaranta kunnena ya fara ƙara, gumi mai sanyi ya karyo min, gefen idona ya yi duhu. Na zauna a kan matakala na sa kai tsakanin gwiwoyi har abin ya wuce. Da na ba ma'aikaciyar jinya labari a zuwa na gaba, ta yi min faɗa sosai, kuma tana da gaskiya. Ta ce in ci abinci kafin in zo, in sha ruwa kamar rabin lita kafin in kwanta, in riƙa ɗaure naman cinyoyina ina saki yayin da jinin ke fita, in kuma zauna aƙalla minti goma sha biyar bayan an gama, kada in ɗauki kaya mai nauyi da hannun a ranar. Tun da na kiyaye, jiri bai sake kama ni ba.

Wadda ta fi kowa damuwa ita ce Inna. Duk sanda ta ga filasta a hannuna sai ranta ya ɓaci. "Wai jinin nan da kake ta kwasa kana bayarwa, da me za ka mayar? Kai fa mai iyali ne." Ni kuma in zauna in yi mata bayani irin na malamin makaranta. Babban mutum yana ɗauke da kusan lita biyar, abin da ake ɗiba bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Dama kowace ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu, ɓargo kuma ba ya hutawa, yana ƙera kusan miliyan biyu a kowace daƙiƙa ko ka bayar ko ba ka bayar ba. Sai ta saurare ni har in gama, ta ce, "To, Allah ya tsare," da muryar da ke nuna ba ta gamsu ba.

Ashe tambayarta tana da wurin zama. A shekara ta huɗu, ina zuwa duk bayan mako 12 ba fashi, sai na fara jin gajiyar da ban saba ba. Benen da nake hawa da sauri ya zama sai na tsaya a tsakiya. Da dare ƙafafuna su ƙi kwanciya wuri ɗaya. Na ɗora wa yawan aiki. Ranar da na je, aka soki yatsana, ma'aikaciyar ta kalli na'urar ta sake sukar wani yatsan, sannan ta juyo min da ita in gani: 12.4. A wurinsu namiji sai ya kai 13.

"Malam, yau ba za mu ɗiba ba. Ka je ka ga likita."

Na fita da katina babu sabon rubutu, raina a jagule. Likitan ya sa aka auna wani abu da ake kira feritin, wanda ke nuna yawan sinadarin ƙarfen da jiki ya adana, aka tarar rumbun nawa ya kusa zama wayam. Shi ne ya zauna ya yi min lissafin da ya kamata a ce ni na yi tun tuni. Kowace leda tana tafiya da miligiram 200 zuwa 250 na sinadarin ƙarfe, wanda da shi ake gina himogulobin. Mako 12 kwana 84 ne. Raba 250 gida 84, ka samu kusan miligiram 3 a kowace rana, ban da wanda jiki ke buƙata don hidimarsa ta kullum. Jiki kuwa a al'adarsa miligiram 1 zuwa 2 yake tsotsa daga abinci a rana. In ya ga ajiya ta yi ƙasa yakan ƙara himma, amma ba kowane jiki ke cim ma wannan giɓin ba. Shekara uku da wani abu ina cin bashi daga rumbu, awon yatsa kuma bai nuna ba, domin himogulobin ba ya faɗuwa sai ajiyar ta ƙare.

A nan ina da ƙorafi, kuma zan faɗe shi. Duk zuwan da na yi ana min godiya, ana kirana a waya idan lokaci ya yi, amma babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya yi min maganar sinadarin ƙarfe. Mai zuwa sau ɗaya a rayuwa ba ya buƙatar wannan bayanin sosai. Mai zuwa a kai a kai shi ne ke cikin haɗarin, kuma shi ne aka fi buƙatar ya daɗe yana zuwa. Mata sun fi mu shiga wannan hali saboda jinin al'ada, shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su tazarar mako 16, maza mako 12. A Amurka ana barin mutum ya dawo bayan mako takwas. Waɗannan lambobi mafi ƙarancin tazara suke nunawa, ba wai dole a cika su ba, ni kuwa na ɗauke su kamar jadawalin darasi.

Likitan ya rubuta min ƙwayoyin sinadarin ƙarfe, ya ce in huta wata shida. Ya kuma gargaɗe ni kada in ba wani shawarar ya saya ya sha da kansa ba tare da awo ba, domin yawansa ma cuta ne. Na je na gaya wa Inna duka. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Tambayata kawai ta yi ko zan daina, na ce a'a, zan dai rage. Ta yi shiru, can ta ce, "To ka riƙa gaya min ranar da za ka je." Har yau ina gaya mata, ita kuma tana kira da yamma ta ji muryata.

Tun daga nan sau uku nake bayarwa a shekara, kuma na ɗaure abin a jikin wani abu da ba ya motsi: ƙarshen kowane zangon karatu, ranar da na miƙa sakamakon jarrabawa. Kafin in bar wurin sai an rubuta min ranar dawowa a bayan kati. Wannan kaɗai ne dabarata. In na bar wa zuciya ta zaɓi lokaci, kullum za ta ce mako mai zuwa. An taɓa mayar da ni saboda zazzaɓin da na yi kwanaki kaɗan kafin nan, an taɓa mayar da ni don an cire min haƙori. Akwai ranar da wata sabuwar ma'aikaciya ta kuskure jijiyar, hannuna ya yi shuɗi har mako biyu. Duk na koma.

Wani abu ya canza a tsawon shekarun nan wanda ban yi tsammani ba. A farko ina fitowa da wani irin daɗi a ƙirji, ina jin na yi babban abu. Yanzu wannan ya tafi. Zuwa ba da jini ya zama min kamar zuwa aski: lokaci ya yi, a je, a dawo. Da farko na ji tsoron ko zuciyata ce ta bushe. Daga baya na fahimci haka nake so ya kasance, domin abin da ke jiran sai an ji shauƙi ba ya kai shekara tara.

Shi kuwa jini ba ya ajiyuwa. Jajayen ƙwayoyi kwana 35 zuwa 42 suke yi a firiji, tsakanin digiri 2 da 6 na ma'aunin Selshiyos, gwargwadon ruwan da aka tsare su da shi. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini idan an ji rauni, waɗanda ake kira filatilet, kwana biyar zuwa bakwai kawai suke yi, su ma sai ana jijjiga su dare da rana. Ruwan jinin ne kaɗai ake ƙanƙarar da shi ya kai shekara ko fiye. Har yau babu masana'antar da ke ƙera jinin da ake sa wa marasa lafiya a asibitoci, daga hannun mutum yake fitowa. Shi ya sa idan wani babban haɗari ya faru jama'a suka yi dogon layi, abin yana burge ni, amma na san waɗanda suka ji rauni a ranar da jinin da ke cikin firiji tun jiya aka cece su, kuma bayan mako shida duk abin da layin nan ya tara ya ƙare ko wa'adinsa ya wuce. Mai naƙudar da jini ya ɓalle wa, da yaro mai sikila, da wanda ake wa maganin ciwon daji, kowace rana suna nan, ko an yi labarinsu ko ba a yi ba. Ranar 14 ga Yuni, ranar haihuwar Landsteiner, ita aka ware ta zama ranar masu ba da jini ta duniya, kuma wurin kan cika maƙil. Ni ba na zuwa ranar. Na fi son makonnin da kujeru suke a wofi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana tara jini kusan sau miliyan 118 da rabi a shekara a faɗin duniya, kuma kashi 40 cikin ɗari a ƙasashe masu arziki ake tarawa, inda kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya kawai ke zaune. Ta kuma daɗe tana cewa jinin da ya fi aminci shi ne na masu bayarwa don raɗin kansu, a kai a kai, ba don kuɗi ba, ba kuma don an matsa musu ba. Wannan maganar ta biyu sai da na tuna daren ƙanwata na gane ta sosai. Kowace leda ana gwada ta don ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Amma akwai ɗan lokaci bayan cuta ta shiga jiki da gwaji bai iya ganinta tukuna. Abin da ke toshe wannan ƙofar shi ne gaskiyar da mutum ya faɗa a takardar tambayoyi. To, a daren nan, da mijinta tsaye a bayana, ita kuma tana can tsakanin rai da mutuwa, da an tambaye ni wani abu da amsarsa za ta hana a ɗebi jinina, anya zan faɗi gaskiya? Na tambayi kaina sau da yawa, kuma ina jin da na ɓoye. Mutumin da dangi suka zuba wa ido ba shi da sararin cewa ban cancanta ba. Wanda ya zo shi kaɗai ranar Laraba, babu mai jiransa a waje, shi ke iya cewa yau kada ku ɗiba, ya tafi abinsa.

Wani abokin aikina ya taɓa ce min, "Kai ka ba su kyauta, su kuma su sayar." Ba na raina wannan maganar. Leda da kayan gwaji da firijin da ba ya mutuwa dare da rana duk kuɗi suke ci, kuma dole wani ya biya, ko gwamnati ko mara lafiya. Inda kuma aka samu mai cin riba da jinin da aka ba shi amana, wannan zalunci ne, ya kamata a bi shi a hukunta. Amma na ce masa in na janye hannuna don in hukunta azzalumin, ba shi zai ji a jikinsa ba, matar da ke kan gado ce. Bai amsa ba. Bayan wata biyu ya biyo ni, kuma a hanya ya faɗa min ainihin abin da ke hana shi: tsoron kada a gano masa wata cuta. Aka kuwa kira shi bayan 'yan kwanaki, shi kaɗai a ɗaki, aka gaya masa yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ba zai iya ba da jini ba, amma yanzu likita na bibiyar hantarsa, an gwada iyalinsa, an yi wa waɗanda ba su da shi rigakafi. Cutar tana iya shekaru a jiki ba alama. Ya yi kwanaki ba ya min magana, daga baya ya zo har gida ya zauna muka daɗe.

Idan kasala ta taso min nakan tuna James Harrison, mutumin Ostireliya da aka ƙara wa jini mai yawa a wata babbar tiyatar ƙirji yana ɗan shekara 14. Da ya girma ya fara bayarwa, aka gano ruwan jininsa na ɗauke da wani abu da ake haɗa allurar da ke kare jarirai idan jinin uwa da na ɗan cikinta sun saɓa. Sau 1,173 ya bayar, yawanci ruwan jinin kawai ake tacewa a mayar masa da ƙwayoyinsa, shi ya sa yake iya zuwa a kai a kai. Ya daina a 2018 yana da shekara 81 saboda ƙa'idar shekaru, ya rasu a 2025. Abin da ya fi kama ni a labarinsa shi ne shekara sittin ɗin da ya yi yana tashi ya je.

Zuwana na ƙarshe, a gadon da ke kusa da nawa akwai wani saurayi, takalmansa ba iri ɗaya ba, hannun rigarsa a naɗe har kafaɗa. Matarsa ce aka shiga da ita tiyata. Idonsa na kan ƙofa, ƙafarsa na rawa.

Ya ce, "Yaya, kai wa ka kawo?"

Na ce ban kawo kowa ba. Ya kalle ni bai gane ba, ni ma ban ƙara bayani ba, don ba lokacinsa ba ne. Na ce masa ya kalli bango, ya ja numfashi, ya riƙa ɗaure cinyoyinsa yana saki. Ya tambayi ma'aikaciyar ko za a yi sauri a kai mata, ta dafa kafaɗarsa ta ce ya kwantar da hankalinsa, nata tuni an rataya.

Sikelina ya riga nasa ƙara. Ta matse bututun, ta zare allurar, ta ce in ɗaga hannu sama in danne audugar. Ina kwance ina kallo ta manna takarda a jikin ledar, babban harafin B, doguwar lamba, kwanan watan ranar. Na ƙara 35 a zuciyata, ya faɗa cikin mako na biyu da komawa makaranta. Ta sa ledar a tire ta wuce da ita ta ƙofar baya. Na yi minti goma sha biyar ɗina a zaune, na shanye ruwana, aka rubuta min ranar dawowa a bayan kati. Ina fita wayata ta yi ƙara, Inna ce.